Na Sauka Ɗakin Ƙasa

Daren Laraba, tsakiyar Janairu, Tompkinsville

Tun rasuwar maigidana ban taka ɗakin ƙasa ba sai yau. Hita, injin ɗumama gidan da ke can ƙasa, tana ta ruri amma babu zafi, ga Inna tana tari cikin bargo biyu. Mai gyara ya ce sai Asabar. Yaya Sani kuwa cewa ya yi a waya, "Rabi, sayar da gidan nan ki dawo Bronx kusa da mu."

Na sauka da tocila. Ashe filta, matatar iskar hitar, ce ta toshe, baƙa ƙirin. A gefenta ga rubutun marigayi, ranar da ya saka ta. Na ɗan yi kuka, sannan na fita na sayo sabuwa na saka da hannuna.

Yanzu Inna har tana gumi. Duk wata zan riƙa dubawa. Gidan nan ba na sayarwa ba ne.