Hoton Zuciyar Ɗiyata da Kunun Inna

Zuwa ga Shugaban Asibitinmu mai albarka,

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ya aiki, ya fama da mu marasa lafiya da muka ƙi ƙarewa? Sunana Bello, mahauci ne ni a Ƙofar Kware. Boko a aji huɗu na tsaya, shi ma malaminmu ya ce tsawona ya kai ni. In ka ga kuskure ka yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da wuƙa.

Ɗiyata Hadiza ta yi haihuwar fari, ta zo gida wanka. Ba a jima ba ƙafafunta suka kumbura, in ta kwanta numfashi ya gagara, sai a zaune take barci. Likitanku ya saurari ƙirjinta, ya ce zuciya ce ta gaji: a daina ba ta kanwa da gishiri, a ɗauki hoton zuciyar kafin ya tsayar da magani. Ni da na tsufa ina yanka zuciyar shanu, ban san ta mutum tana gajiya ba.

Ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya. An ce hoton sai Talata. Madalla da wanga tsari, zan sanar da zukatan Sakkwato su riƙa duba kalanda kafin su yi ciwo. Talatar farko mai na'ura ya tafi taron ƙara wa juna sani. Allah shi ƙara masa. Mu muka komo gida da jahilcinmu.

Na biyu. Talatar da ta biyo yana nan, ilimi ya ƙaru, wuta ce babu. Na ji kukan janareto, amma daga wajen ofisoshin manya. Na fahimta, sanyin ofis ma lafiya ne.

Na uku. Ga mutum, ga wuta, makullin ɗakin kuma yana aljihun wani da ya tafi suna Gidan Dahala. Allah shi raya. Hadiza ta yini bisa benci tana haki, ko jinjirarta ta kasa riƙewa.

Na huɗu, kuma shi ya sa na ɗauki biro. Mahaifiyata, Inna, ita ke yi wa Hadiza jego. A wurinta kumburi sanyi ne, maganinsa ƙarin kanwa a kunu. Na isar mata da saƙon likita, ta ce shi ma da kunun kanwa aka yi jegonsa, kuma ba ta daina damawa sai ta ga hoton nan da idonta. Ranka shi daɗe, ina kayar da bijimi, amma ban taɓa kayar da Inna a magana ba.

Sai na yi dabara irin ta ɗan aji huɗu. Kullum da safe, da ta aje wa Hadiza kwanon kunun ta juya, in ɗaga in shanye. Inna ta ga kwano wayam, ta ji daɗi, ta sauya babba. Sati uku ke nan ina jego. Ƙafata ta fara ƙin takalmi, mai kemis ya auna jinina ya ce in zauna tukuna. Ran da kuwa na yi sammakon mayanka, Hadiza ke sha, don ba ta iya ce wa kakarta a'a. Wannan ba na iya yin dariyarsa.

Roƙona kaɗan ne. A haɗa mutum da wuta da makulli a rana guda, ko da sau ɗaya ne, don tarihi. Kuma in ana sallamar mai jego, a kira kakanni a yi musu maganar kanwa da Hausa, don su ke riƙe da ludayi, ba mu ba.

Allah shi ƙara maka lafiya, shi tsare zuciyarka da ta ɗiyanka daga jiran Talata.

Muna tafe Talata mai zuwa, har da Inna. In hoton bai samu ba, a tanadar mana gado biyu. Nawa a sa shi ɗakin masu jego, na cancanta.

Wassalam.

Bello Mahauci,
Ƙofar Kware, Sakkwato.