Hular Baba a Gindin Ɗorawa

Zuwa ga yayana Bitrus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da aikin hukuma a can Birnin Kano. Mu nan ƙauyenmu na ƙasar Zoza damina ta yi kyau, dawa ta fara kai. Baba ne dai ba lafiya, shi ya sa na ɗauki alƙalami bayan na daɗe ina cewa ba zan ɗauka ba.

Kai ka kawo mana zaman bayan sujada. Da ka dawo daga makarantar mishan ka ce ba daidai ba ne a fito daga majami'a ran Lahadi kowa ya kama gabansa. Ka tara mu gindin ɗorawa, maza da mata, muna tauna abin da ya dame mu: haraji, sa yara boko, ko ya halatta mai bi ya kai kukansa gaban hukuma. Har mu mata ka sa muka buɗe baki gaban surukai. Ni kuwa a lokacin, in ka ce ruwa zai tsaya, sai in shanya gero.

Kai kuma ka kafa doka. Duk namijin da ya tuɓe hularsa ya ajiye a tabarma, maganarsa ta 'yan'uwa ce, ba ta barin inuwar nan. Kullum kana cewa, "Abin da aka faɗa kai a buɗe, a nan ake binne shi."

Ka san Baba. Mutumin da ya yi furfura bai taɓa ɗaga murya gaban mai mulki ba. Zama bayan zama yana jingine da sandarsa yana sauraro. Shekarar da aka fara rabon takin zamani ne ka yi ta lallashinsa ya yi magana. Ya tuɓe hula, ya ce mai unguwa ya raba wa surukansa takin da aka aiko wa ƙauyen duka, kuma wannan zalunci ne. Ranar na yi alfahari da ku biyun.

Kafin wata Lahadi aka aiko dogari. An tsugunar da Baba a ƙofar gidan mai unguwa, cikin rana, gaban jama'a, aka ce ya janye. Da Baba ya tambaya ko wa ya kai maganar, mai unguwa ya ce, "Ba maƙiyi ba ne, ɗanka ne." Kana zaune kan buzu a inuwa, Yaya. Na gan ka da idona, kana kallon yatsun ƙafarka.

Malam Sani mai makarantar allo, wanda ba addininmu ɗaya ba, shi ya taso ya ce, "Ranka ya daɗe, dattijo ne, a bar shi ya tashi." Shi ya riƙo Baba har gida. Bayan kaka sai muka ji mai unguwa ya yi maka hanyar aiki a ofishin gona na Ƙaraye, daga nan sai Kano. Ashe da bakin ubanmu ka sayi kujera.

Raina ya ɓaci, har yau bai gyaru ba. Ana nan ana zaman, amma tsofaffi sun koma tambayar kwanakin da Yunusa ya yi a cikin kifi. Maganar taki, da ta rijiyar da ta rufta, ba mai taɓawa. Ka koya wa mutane magana, ka kuma koya musu abin da take jawowa.

Fasto yana ta cewa in yafe. Ina ƙoƙari. Ban manta ba cewa kai ka goya ni zuwa asibitin Rogo lokacin ƙyanda, kai ka riƙe hannuna na fara rubuta sunana. Abin da ya sa ciwon ya ƙi warkewa ke nan.

Buhun takin da ka aiko yana zaure, ya daskare. Baba ya hana a kwance bakin buhun. Ba ya ambatar sunanka, amma duk babur ɗin da ya wuce sai ya juyo da kai wajen ƙofa. Kada ka sake aiko da komai. Ka zo da kanka, ka durƙusa.

Ubangiji ya tausasa zuciyata, ya kuma kawo ka gida tun Baba yana gane murya. Amin.

Ƙanwarka wadda ba ta huce ba,
Rifkatu