Gaban Suruki Kuka Tambaye Shi Fitsari

Zuwa ga Babban Likitan asibitin da aka yi wa surukina aikin ƙaba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ɓoye sunan asibitinku, amma kun san kanku. Surukina Malam Idi, mai lambu a bakin tafkin Madarumfa, da ƙafarsa ya zo muku. Yau ƙodarsa ta tsaya, yana kwance a Maraɗi ana wanke masa jini da inji. 'Ya'yansa maza suna ci-rani, ni mijin 'yarsa na yi jinya, don haka da idona na gani.

Na ɗaya. An hana shi ci da sha tun safe, cikin zafin bazara. Aka ɗaga aikin zuwa la'asar, aka sake ɗagawa zuwa washegari, babu wanda ya sa masa ƙarin ruwa ko ya ce ya kurɓa. A ranar na ga an shiga da wani mai babbar riga da ya iso bayanmu. Ban ce an sayar da layinmu ba, amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Na biyu. Likitan Maraɗi ya ce mana ƙoda matatar jini ce, ƙishirwa na gajiyar da ita, allurar barci kuma kan sauke ƙarfin jini har ya kasa isarta. Ya tambayi ko Malam yana shan ƙwayoyin ciwon jiki na masu tebur. Kullum yake sha bayan ban-ruwa. Ku ba ku tambaya ba. Jinin da kuka ɗiba kafin aiki fa, an auna shi kuwa? Duk wanda na tambaya sai ya tura ni wurin wani.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. Bayan aiki majo, shugaban ma'aikatan jinya, ya tsaya daga bakin ƙofa ya tambayi Malam ko yana fitsari, ni ina zaune gefen gado. Wane dattijo ne zai yi wannan zance gaban mijin 'yarsa? Malam ya ce lafiya lau. Majo ɗan ƙasar nan ne, ya san kunyar surukai sarai. Ina zargin amsar da yake so ke nan don ya wuce. Sai da ƙafafu suka kumbura aka gane ko ɗigo bai yi ba.

Ina roƙo ku nuna mana sakamakon jinin nan, in akwai shi. Ku riƙa auna fitsarin wanda aka yi wa aiki, ku kuma fitar da ɗan'uwan da ke jinyarsa kafin irin wannan tambaya.

Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci gabansa ba. Yanzu ni nake riƙe masa kwalba kowace safiya, ya kau da kai, na kau da kai, muna jiran abin da zai ɗiga.

Allah ya yi muku jagora, ya raba iyayenku da irin wannan kwanciya.

Wassalam.
Surukin majiyyaci, Madarumfa.