Allura a Gefen Tsohuwa

Gulca, 3 ga Yuni

Ɗana Ulukbek,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya kai da matarka Aizirek da 'yar jikata, kuma aikin gini a Mosko bai cinye min kai ba. Mu nan lafiya lau, sai kewa. Da hannu na rubuta wannan, zan ɗauki hotonta in tura maka, don duk sanda ka kira babanka na zaune a gefena, kunnensa kuwa ba abin da ya same shi.

Ka ji cewa jif ɗin da ka bar masa ta tsaya a hawan Taldik da fasinja shida, man giya ya ƙone. Ya gaya maka laifin mai ne. Ba laifin mai ba ne.

Ka san yadda yake tuƙi tun kana goye. Da ya kama hawa sai ya sauke hannun dama ya kwantar da tafinsa a kan tudun da ke tsakanin kujeru, dab da sandar giya. Da tafin nan yake sanin giya ta ɗau zafi, sai ya faka a bar ta ta huce. Shekara arba'in bai taɓa ƙona giya ba, har yaran tasha kan kira shi ya dafa musu motocinsu.

Ran Talata na zuba masa shayi daga tafasa. Hankalina na kan burodi, na cika kwanon maimakon rabin da muka saba. Ya rungume shi da hannun dama yana ta yi min lissafin ciyawar bana, ni kuwa ina kallon yatsunsa suna yin ja, shi ko gezau. Tun ciwon da ya kwantar da shi da sanyin bara ƙarfin hannun ya dawo, jin zafi ne bai dawo ba. Ya sani, ya ɓoye. Da na shafa masa man kitse sai ya kau da kai ya ce, "Tsohuwa, kar yaron nan ya ji." Ga shi ka ji. Allah ya yafe min.

Na ja shi wurin likita. Ta ce ido lafiya, riƙo lafiya, tuƙi bai gagare shi ba. Amma tausayinsa ya hana ni sakat.

Ka gaida mutan gidanka.
Mahaifiyarka, Salkinai

Gulca, 17 ga Yuni

Ɗana Ulukbek,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya tarin yarinya, ya sake ta? Ku riƙa sa mata hula.

Na karanta amsarka har sau uku. Ka ce a karɓe makulli, ƙarshen wata za ka turo mai saye. Na san tsoro ne ya sa ka, ban ga laifinka ba. Amma kai ba ka gan shi ba cikin kwana goman da motar ta yi a gareji. Yana zaune a bakin ƙofa yana ƙirga motocin da ke wucewa, har kajina sun fara raina shi. In aka raba mutumin nan da sitiyari, kafin dusar ƙanƙara ta sauka za ka zo ta'aziyya.

Don haka na bi shi birnin Osh ranar ɗauko motar, na ce zare zan sayo. Na ja Usta Ergash bakanike gefe na gaya masa komai. Ya shafa gemu ya ce akwai wani ɗan geji, kamar agogon hannu, mai nuna zafin man giya, motar ba ta zo da shi ba amma ana sa mata.

Da babanka ya ji, sai da garejin ya ɗauka. Ya ce allurar geji ta masu koyo ce, so ake a ce a tasha hannunsa ya mutu. Usta bai yi musu ba, mutumin nan ya san kan tsofaffi. Ya ce, "Yaya, wa ya ce naka ne? Kai ina ruwanka da geji? Na Inna ne, ita ce ba ta yarda da aikina ba." Babanka ya harare ni ya ce in haka ne a liƙa shi a gefen fasinja, kada ya ko gan shi. Yana nufin ya kashe maganar ne, don wa zai karanta geji daga can? Na ce to, a liƙa.

Na tsaya a kan aikin kamar ni na haifi motar. Usta ya shiga rami ya yanke tiyon da ke ɗauko mai daga giya zuwa wurin sanyayawa, ya sa wani ƙarfe mai baki uku, ya ɗaura ɗan abin da ke jin zafin a bakin na ukun. Ya ja waya ta wani rami a bayan inji, ya naɗe ta don kada ta goga, ya ɗauko wuta daga akwatin fis yadda sai an murɗa makulli gejin zai tashi. Ya cika man da ya zube, aka tada mota, ya leƙa ko akwai yoyo. Babanka duk wannan lokaci yana waje ya ba mu baya, amma na ga kunnensa na wajenmu.

Lambobin ƙanana ne, idona kuma ka san shi. Usta ya ce tamanin zuwa casa'in lafiya ce, in ta kai ɗari da goma a tsaya. Na ciro jan zare daga jakata ya manna min a daidai wurin.

A hanyar gida babanka ya ce, "To, mai geji, wa zai zauna yana kallonsa?" Na ce wadda aka sa wa.

Ka dakata da mai sayen nan har in sake rubuto maka.
Mahaifiyarka, Salkinai

Gulca, 26 ga Yuni

Ɗana abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Na ga hoton yarinya, ta yi kumatu, kuma ba hula.

Jiya na hau Taldik. Shekara arba'in ina ɗaura wa mutumin nan guzuri ina tsayawa a ƙofa har motarsa ta ɓace, ban taɓa ganin hanyar da ke cinye min shi ba. Ashe haka take, lanƙwasa a kan lanƙwasa, ga rami mai zurfi a gefe. Na daɗe ina yi masa mitar rashin hira in ya dawo. Na daina.

Mun ɗauki iyali guda masu zuwa makiyayar rani, da tantinsu a saman mota da buhunan gari. Matar ta ce in koma baya cikin mata, kujerar gaba ta maigidanta ce. Babanka ya ce tsohuwarsa amai take yi a baya. Ni da ban taɓa amai a mota ba.

Da muka kama hawa ya kwantar da tafinsa a inda ya saba. Ni kuma idona na kan allura. Ta wuce casa'in, ta wuce ɗari, tana rarrafe zuwa jan zarena, shi kuwa fuskarsa lumui, bai ji komai ba. In na ce geji ya ce a tsaya, na tona shi a gaban baƙi. In na yi shiru, mu ƙone. Sai na ce, "Tsoho, ni fa shayi nake so." Mai iyalin ya yi dariya ya ce, "Inna, a tsakiyar dutse?"

Babanka bai kalle ni ba. Ya ɗan danna tafinsa, ya gyaɗa kai, ya ce, "Dama ta ɗau zafi, bari mu ba ta iska." Ya faka a wani fili kusa da maɓuɓɓuga. Mai iyalin ya juya yana gaya wa matarsa, "Kin gani? Hannun nan ne ake ba da labari." Muka shimfiɗa tabarma, muka sha shayi, rabin kwano na zuba masa, sai da na taɓa da kaina kafin in miƙa. Allura ta sauka, muka haye lafiya. Sau biyu na so shayi a zuwa, sau ɗaya a dawowa.

A dawowa mu biyu ne kawai. Wajen gangara ya ɗauke hannun daga kan tudun ya ɗora a kan nawa. Sannan ya ce, "Ba na jin ɗuminsa, tsohuwa. Amma na san yana nan." Na juya ina kallon duwatsu, don kada ya ga idona ya yi min tsiya.

Ulukbek, ka sallami mai sayenka. Jibi muna da fasinja zuwa Sari-Tash, kajin kuma na bar wa maƙwabciya. In za ka aiko min da wani abu, ka aiko da tabarau, lambobin nan ƙanana ne.

Babanka na gaishe ka. Bai san na rubuta ba, kai ma ba ka sani ba.
Mahaifiyarka mai kewarka, Salkinai