Ƙafafun Mista Pemberton

Mount Hope, Bronx,
Janairu, 1991

Zuwa ga kakana, Malam Istifanus,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikin, yaya gwiwar? Yaya mutanen Wusasa? Baba da Mama suna gaishe ka.

Kaka, na samu ogan, abin kiɗan coci. Yana cocinmu na nan kusa da titin Grand Concourse, a wani ɗaki can sama. Ba irin naka ba ne da ake zuga wa iska da ƙafa. Wannan bututunsa sun kai rufi, kuma a ƙasansa akwai wasu dogayen katako da ake takawa su fitar da babbar murya. Mai kaɗa shi wani tsoho ne ɗan Barbados, Mista Pemberton. Tun kafin a haifi Mama yake wannan aiki.

Mai koyar da mawaƙa, Anti Adwoa, 'yar Kumasi ce, tana jin Hausa irin tasu. Ita ta aike ni sama in kai masa littafin waƙa. Da na isa ƙofa sai na tuɓe takalmi, yadda ka koya mana in za a shiga wurin babba. Ya daɗe yana kallon ƙafata. Sai ya tambaye ni wa ya koya mini ogan. Ashe masu kaɗa irin wannan ba sa taka shi da takalmin titi. Kunya ta hana ni bayani, na sunkuyar da kai kawai. Shi kuwa ya ɗauka amsa ce, ya matsa mini a kan benci.

Matarka,
Iyatu

Maris, 1991

Kakana,

Ina gaisuwa, ina fatan ka samu sauƙi. Na ga wasiƙarka, na kuma ji tsiyar da ka yi mini. To, ƙafafun nan da kake cewa na zalɓe ne sun samu aiki.

Ciwon suga ya kashe wa Mista Pemberton ƙafa, ba ya jin abin da yake takawa. Hannunsa lafiya lau. Dattawan coci sun ce in an wuce Ista za su sallame shi su riƙa sa kaset. Anti Adwoa ta ce musu kaset ba ya jiran tsohuwa ta ja numfashi, amma ba su saurare ta ba.

Na gaya wa Mista Pemberton gaskiya, cewa ban iya komai ba, tuɓe takalmin ladabi ne kawai. Ya yi dariya har da tari, ya ce ladabin ya ishe shi. Yanzu kullum bayan makaranta muna zama benci ɗaya, shi yana kaɗa sama da hannu, ni ina taka ƙasa. In lokacina ya yi sai ya zungure ni da gwiwar hannu. In na yi kuskure ya ce na taka wutsiyar saniya.

Kaka, tsoro nake ji. Ko karatu a aji ba na iya yi da ƙarfi. In na ɓata ranar Ista, aikinsa ya tafi. Ka sa ni a addu'a.

Taka,
Iyatu

Afrilu, 1991

Kakana,

Barka da Ista. Yaya gida, yaya ƙarfin jiki?

Mun kaɗa. A waƙar farko ƙafata ta zame, saniya ta yi kuka. Na so in gudu, sai na ji gwiwar hannunsa a haƙarƙarina, na ci gaba. A baitin ƙarshe na taka katakon da ya fi kowanne zurfi, har benci ya yi rawa. Mama ta ce a ƙirjinta ta ji shi.

Dattawa sun hau sama don su ga yadda ƙafarsa ta warke, sai suka tarar da ni ba takalmi. Babbansu ya ce bai taɓa ganin mutum biyu a ogan ɗaya ba. Anti Adwoa ta ce to yau ya gani. Sun yarda ya ci gaba zuwa Kirsimeti, daga nan a sake dubawa. Shi kuma ya ce kafin lokacin zai fara koya mini hannu.

Jiya da na je, na tarar da takalminsa a bakin ƙofa, daidai inda nake ajiye nawa. Ya ce tunda yanzu ni ce ƙafafunsa, in za su shigo dole ya yi musu ladabi.

Ka gai da kowa. Allah ya bar mana kai.

Matarka mai ƙafar zalɓe,
Iyatu