Gwiwar Jamari

Yaya Loretta,

Ina gaisuwa. Ya jikin Mama, ya zafin Misisifi? Ni lafiya lau, barci ne dai ya ƙi zuwa.

Ranar zaɓen sababbin 'yan ƙwallon kwando ta matso, ƙungiyar da nake yi wa aiki tana ta jera sunayen matasa, wane ya fi wane. Jiya muka zo kan ɗanki Jamari. Oga ya ce, "Darnell, kai ne kawunsa. Akwai abin da likita bai gano ba?"

Sai na tuna yadda kike rufe ƙofa ki ɗora masa ƙanƙara a gwiwar da ke masa ciwo, don kada kowa ya sani. Allah ya sani, ban ce komai ba. Na dai daɗe ban amsa ba, oga kuwa ya sauke sunansa can ƙasa.

Ki bar ni in saya masa kwat ɗin da zai sa ranar zaɓen. Kada ya san dalili.

Ƙaninki,
Darnell