Kwanon Ciyayyar Mama Susana

Malumfashi,
Farkon azumi, 2020

Yaya Barakatu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Yaya ƙafar taki, yaya kuma zaman kulle a Kaduna? Mannir direba ne zai kawo miki wannan takarda, tunda motar abinci kaɗai ake bari ta wuce. Kin san ni da waya, in na kira sai in manta rabin abin da na shirya faɗa.

Tun da korona ta sa aka rufe kasuwa, 'yan dako da masu tuya duk suna zaune a gida. Shi ya sa muka kafa kwamiti, mu da mutanen coci. Mai sauran hatsi a rumbu ya ba da tiya, 'yan unguwarmu na Abuja suka turo abin da ya sawwaƙa, muka sayo masara a Funtua. Ni aka ɗora wa tsara rabo, wai don ina son rubuce-rubuce. Ban tabbata sun yi zaɓe mai kyau ba.

A filin firamare muka raba. Na zana da'ira da toka don kowa ya ba da tazara, ana kiran suna da lasifika, ana ɗaukar hoto don na Abuja su gani. Har na rubuta a littafina cewa komai ya tafi daidai. Sai Mairo, matata, ta tambaye ni ko na ga Mama Susana. Sai a lokacin na tuna an yi ta kiran sunanta ba ta fito ba.

Kin tuna ƙosanta a ƙofar makaranta, yadda take ƙara mana gyara in ta ga mun tsaya muna kallon kasko? Da kwanon nan mai jan fure da ke tsallaka katanga tsakaninta da Inna, shinkafa ran Kirsimeti, waina ran Sallah? Yanzu makaranta a rufe, ɗanta Monday kuma ya maƙale a Legas ba aiki. Ban san me take ci ba, ga shi katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Ki gaida Alhaji.

Ƙaninki,
Maharazu


Malumfashi,
Tsakiyar azumi

Yaya Barakatu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, yaya ibada? Allah Ya karɓa mana.

Hankalina a tashe yake. Mairo ta shiga gaida Mama, ta ga masarar irin da take ratayewa saman murhu don hayaƙi ya kore ƙwari ta ragu sosai. Irinta take ɓarzawa tana ci, Yaya, ga damina a bakin ƙofa. In ta cinye shi, yunwar bana za ta kai ta har baɗi.

Na yi tunani na ce lasifika ce ta hana ta fitowa. Sai na binciko kwanon Inna a cikin kayanta, na cika shi da masara, na ba Mairo ta kai, na ce ta faɗa mata kada ta wahalar da kanta da maido komai a ciki. A ganina sauƙi na yi mata.

Kafin azahar kwanon ya dawo yadda ya tafi. Ta ce a gode mini, a kai wa mabukata, ita da sauran ƙarfinta. Ta ce kuma a tuna wa Maharazu ita ta goye shi lokacin da Inna ta kwanta ciwo, shi ne yau yake shelar sunanta kamar ana cigiyar akuya. Mairo tana ba ni saƙon tana danne dariya. Ni ko kunun buɗa baki kasa sha na yi.

Na juya abin ta kowace fuska ban gano inda na kuskure ba. A shekarar farin nan muna yara, kwanon bai daina tsallaka katanga ba, kuma ban taɓa ganin ya dawo da fushi ba. Ke ce babba, ke kike zama da Inna a madafa. Don Allah yaya take yi? Ki ba Mannir amsa, kada ki jira wani zuwan.

Naki,
Maharazu


Malumfashi,
Bayan ƙaramar Sallah

Yaya Barakatu,

Barka da Sallah, da fatan kun yi ta lafiya duk da ba a fita idi yadda aka saba ba. Takardarki ta iso, na karanta ta har ta fara yagewa a naɗi.

Ashe in gidan Mama ya shiga matsi, Inna ba ta fara aika kwano da abinci. Wofi take aika shi, da roƙon a sammata zogale, sannan in ya zo ta mayar da shi cike da hatsi, tunda ba a maido kwanon ciyayya wofi. Ni kuwa na ce wa Mama kada ta maido komai, wato na cire ta daga cikin masu bayarwa. Shekara da shekaru ina zaton Inna son kwaɗon zogale take yi, har ina mita a zuci.

Haka muka yi. Mairo ta kai kwanon wofi, ta ce ina marmarin zogalen bishiyar bakin rijiyarta don buɗa baki. Mama da kanta ta ɗauko gora ta karkaɗo, ta danna shi har murfi ya ƙi rufuwa. Muka mayar da masara. Ta karɓa, ta aiko a faɗa mini masarar ba ta sha shiƙa da kyau ba, wai duk wanda ya sayo ta an cuce shi.

Na kai maganar gaban kwamiti, muka ajiye lasifika. Yanzu matanmu ke shiga gidaje suna roƙon kuka, ko daddawa, ko tsintsiya, kwano ya koma da hatsi. Gidajen da ba su taɓa zuwa filin firamare ba sun fi yadda na zata yawa. Na Abuja sun yi ƙorafin ba sa ganin hoto, sai na tura musu hoton zogale a tabarma.

Ruwa ya sauka, Mama ta yi shuka. Irin da ya rage gonar bayan gida kaɗai ya isa. Na so a ƙara mata, ta ce ita ba ta shuka irin kasuwa, don haka ɗaya gonar tata ta bakin rafi bana a kwance za ta kwana. Duk lokacin da na wuce gonar nakan ce da ma na tambaye ki da wuri.

Gidanmu kam zogale ya yi mana yawa, safe da yamma. Jiya yara suka ture kwano suka ce sun gaji, da irin fuskar da nake yi wa Inna. Na ce su ci, babansu ne ke sonsa.

Ki gaida Alhaji da yara. Mama ma tana gaishe ki, ta ce in an buɗe hanya ki zo ki ɗebi naki.

Ƙaninki,
Maharazu